Jan Ɗigo a Kan Garinmu

Tun ranar da Inna ta goya yarinyar ta shiga mota da ita, gobara na sa a raina. Garinmu yana da rijiyoyi marasa murfi, yana da kunamu, zazzaɓi kuwa a wadace, amma duk ban tuna da su ba. Gidanmu ne na ƙarshe ta yamma, daga zana sai daji, kuma da rani ciyawar nan takan bushe tana tsaye, ta kai wa babba kafaɗa. Samarin garinmu ba su san wata hanyar kama gafiya ba sai su cinna wa daji wuta su zagaye shi da sanduna. Saboda ɓera ɗaya mai ƙiba sai su ƙone abin da ido ba ya ganin ƙarshensa, su dawo suna tafiya kamar waɗanda suka ci yaƙi. Ga Inna da barcin bayan Azahar, wanda ko a kanta ake daka ba ta motsi. Ga yarinya ta fara tafiya, kuma duk abin da ke ƙyalli a duniya gani take nata ne.

Yarinyar 'yata ce ta fari, yaye aka kai ta. Haka ake yi, kaka ta ɗauke yaro har ya manta da nono. Hajiya, uwar maigidana, ƙofarta na kallon tawa a gidan hayar da muke a Agege, shi ya sa ba a bar yarinyar a wurinta ba, don da ta ji tarina za ta taho. Sai Inna, mahaifiyata, ta zo takanas daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, ta ɗan kwana biyu tana kushe ruwan Ikko da tuwon Ikko, ta tafi da ita.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce, to ki riƙa tambayar lafiyarta mana. Ba a tambaya. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, ba a cewa ana kewarta. In ta faɗi a gaban surukai sai ki kau da kai ki duba tukunya, wata ta ɗaga ta. Ni "wannan yarinya" nake ce mata. Hajiya ce mai gadin wannan doka a gidanmu. Tun tana budurwa take Ikko, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, tana iya zagin kwandastan danfo, motar hayar Ikko, har ya ba ta haƙuri, amma a kan kunyar ɗan fari ta fi tsofaffin ƙauyenmu tsanani. Maigidana shi ne nata na fari, kuma ga shi da gemu amma "kai" ne sunansa a bakinta. Ranar da aka tafi da yarinyar ta gan ni ina murza ido.

"Albasa kike yankawa?"

"A'a, Hajiya, hayaƙi ne."

"To a gaya wa hayaƙin ya kama kansa."

Hayaƙi kam ba a rasa shi a Agege, kuma kowanne na san shi kamar ɗan ɗakinmu. Baƙi ƙirin mai tashi da safe na kwata ne, inda maigidana ke fawa, tayoyi ake ƙonawa ana babbake ganda. Fari mai ƙamshi na gidajen burodi ne. Mai kwanciya ƙasa-ƙasa yana shiga maƙogwaro na bolar bakin titin jirgi ne. In na hango wanda ban sani ba sai in tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu har wani ya zo ya gaya mini na mene ne. Matan gidan suka sa mini 'yar kwana-kwana. Lokacin sojoji sun koma bariki, farar hula sun hau, ana ta cewa komai zai gyaru, sai dai wutar lantarki ce ba a kai wa labari ba, kowane ɗaki da aci-balbal ɗinsa da risho. Wayar hannu ta fara shigowa, maza na rataya ta a ƙugu ko ba a kira su ba. Amma garinmu ko akwatin gidan waya babu. Hayaƙin da nake son gani yana can hayin Kwara, inda ko na hau kan rufi ba zan hango ba.

Maƙwabciyata ta ɗakin ƙarshe 'yar Kudancin Kaduna ce, Kirista, tana buga takardu a wani ofis na masu zana taswira a Ikeja. Anti nake ce mata, ita kuma Amarya take ce mini ko da na haihu. Takan kawo mini takardun da aka zubar a ofis ina ƙunshe dambun naman da nake yi na sayarwa. Wata ranar Alhamis da yamma ina yayyanka su sai na ci karo da wata mai launi. Rubutun kaɗan ne, sai wani abu ruwan ƙasa mai kore-kore daga gindi, an yayyafa masa jajayen ɗigo kamar yaron da ƙyanda ta fito wa.

"Anti, wannan fatar wace dabba ce?"

Ta leƙo tana goge hannu. "Ƙasarki ce, Amarya. Nijeriya ce daga sama."

"Wa ya hau?"

"Ba wanda ya hau. Tauraron ɗan'adam ne, na'ura ce aka harba sama, tana zagaya duniya tana ɗaukar hoto. Ogana ke sauko da su ta kwamfuta."

Abin da ya fara faɗo mini a rai banɗakin gidanmu ne, wanda iskar damina ta yaye wa rufi tun bara, mai gidan kuma yana ta alkawari.

"Yana ganin mai wanka?"

Anti ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. "Ko Hajiya ba ya gani, balle ke da ba ki da auki. Zafi yake ji. Duk inda wuta ke cin daji sai a sa jan ɗigo. Kin ga wannan fari-farin da ya ja kamar jela? Hayaƙi ne iska ke kora."

Na ajiye wuƙar. "Ina Zariya?"

Ta ɗora farce. Garinmu yamma da Zariya yake, in ka bar kwalta ka bi hanyar rafi. Na ce ina yamma, ta nuna. Na matsa da yatsana kaɗan zuwa inda zuciyata ta ce nan ne. Jajayen ɗigo na zaune a wurin sun haɗa kai, jelar hayaƙi na fita daga cikinsu.

Anti ta ga fuskata. "Ke, dubi namu nan ƙasa, kamar an ɓarar da manja. Kowace shekara haka ne, kuma uwata na nan daram tana jiran in aika mata da atamfa. Ɗigo ɗaya a takardar nan ya fi daga nan zuwa Ikeja faɗi, ba gidanku kaɗai ba ne a ƙarƙashinsa. Hoton ma na makon jiya ne."

Lallashina take yi. Na makon jiya! Wato abin da zai ƙone ya ƙone, tokar ma ta huce, ni ina nan ina soya dambu.

Washegari ta tambayo mini ogan nata. Ya ce na'urar wucewa take yi, abin da ta tarar yana ci a lokacin shi take faɗa. Ba ta san ko ciyawa ce ko gida ba, ba ta san wa ya kunna ba, ba ta tsayawa ta ga an kashe. In gajimare ya tare ko wutar ƙarama ce, sai ta wuce ba ta ce komai ba. Na ce ashe irin matan nan ne da ke leƙa gidan mutane ta kan katanga, su ga rabin abu su tafi da shi gari. An kashe dukiya an kai magulmaciya har sama, kuma ba a koya mata ƙarasa magana ba.

Bayan Magariba na miƙa wa maigidana takardar tare da tuwonsa. Ya riƙe ta kai a ƙasa, ya ce kamar saniyar da kaska ta cinye. Na juya masa ita, na gaya masa abin da Anti ta ce, na nuna masa wurin. Hajiya na kan tabarma a ƙofarta tana jan carbi, kunnenta na wurinmu. Shi ma uban 'yar fari ne, dokar da ta ɗaure ni ta ɗaure shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya tsare rumbunan Baba." Ya ture kwanon ya ce kanwa ta yi yawa a miya. Mutumin da ke share tuwo ya nemi ƙanzo.

"Kawo in gani," in ji Hajiya.

Ta sa tabarau ta kai takardar kusa da fitila. "Wannan ai leƙen asiri ne. Allah ya rufe bayinsa da sama, su kuma sun je sun huda." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke kuma me kika ajiye a can da kike ta kumbura mana fuska?"

"Awakin Inna ne, Hajiya."

"Awaki sun fi ki wayo. In sun ji wuta gudu suke yi."

"Akwai ƙarama a ciki," na ce ina kallon ƙasa, "ba ta iya gudu ba tukuna."

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta kamar sauro ne ya wuce.

Da safe ina shara sai ta kira ni. Ta ce tumatirin kasuwar Agege duk ruɓaɓɓe ne, ita ta gaji da cin miyar ruɓa, tunda yau Asabar Anti ba ta zuwa aiki, ta raka ni kasuwar Mile 12 in sayo mai kyau daga bakin mota. Hajiya ta sani sarai ɗan kawuna yana tuƙa babbar motar tumatir daga Zazzau zuwa can, kuma kowace tafiya sai ya ratsa ta garinmu saboda matarsa na can. Ba ta ambace shi ba, ni ma ban ambata ba. Na ninke hoton na sa a cikin zani.

Danfo ya kai mu Ojota, muka canza wani. A hanya na ga babbar bolar nan tana tafasa da hayaƙi, na ce wa Anti ko bolar ma tana da ɗigonta. Ta ce in yi shiru in riƙe jakata. Mile 12 kuwa ƙasa duk jagwal da ruwan tumatir, 'yan dako na gudu da kwanduna suna ihun a ba su hanya, matan Yarabawa na ciniki kamar ana faɗa. Muka yi ta tambaya har muka sami motar. Ɗan kawun nawa ba ya nan, ya je wanka, amma direbobi na zaune a inuwar motar suna shan shayi, suka ba mu benci.

Anti ce ta fito da zancen hoton, kuma kafin in hana, ya bi hannu. Kowa na neman garinsu. Wani ɗan Nijar ya ji haushi wai an yanke ƙasarsu daga sama, an bar musu gefe kamar bakin zani. Wani ya tambaya ko na'urar na nuna inda masu shinge suka tsaya a hanya, in tana nunawa shi zai riƙa saye duk mako. Wani ya ce garinsu ba ɗigo ko ɗaya, aka ce masa ai garinku ba abin da zai ƙone sai duwatsu. Wani dattijo mai farin gemu ya ce wutar gaskiya ce, a wannan zuwan sai da ya kunna fitilar mota da rana tsaka saboda hayaƙi. Na ji kamar in tashi in toshe masa baki da ɗankwalina.

Sai ga ɗan kawun nawa da tawul a wuya. Taubashina ne, abokin wasa, irin wanda ko a gidan makoki aka haɗu sai an tsokani juna.

"Wa nake gani haka? Baƙauyar Ikko! An bar ki kin fito ba igiya?"

"Direban tumatir," na ce, "har yanzu ba a yarda a ba ka motar mutane ba?"

Direbobin suka kwashe da dariya. Aka miƙa masa hoton, Anti ta nuna masa wurin. Ya karkata kai ya ɓare goro.

"Wannan na'ura ba ta yi ƙarya ba. An yi wuta."

Shi kuwa ya gyara zama a kan taya kamar mai ba da tatsuniya. 'Yan gafiya ne suka kunna, iska ta juya musu. Ta cinye karan da Baba ya tara, ta cinye harawar maƙwabci da ya ƙi sayarwa yana jiran tsada, ta lashe zanan bayan gidanmu kaf, har yanzu daga tsakar gida kana gaisawa da daji. Jakin liman ya rasa rabin jela. Gafiyar kuma ba a kama ba.

"Awakin Inna fa?"

"Jar na nan. Baƙar ta haihu, biyu. Bunsurun nan mai wari, Allah bai karɓi addu'ar mutane ba, ko gashinsa bai taɓu ba."

"Mutanen gida?"

"Baba lafiya lau, shi ya fi kowa ihu, bai ɗebo ruwa ko kwano ɗaya ba. Inna kuma sai da aka gama kashewa ta farka, ta fito tana tambayar wa ke gasa masara bai ba ta ba."

Aka sake dariya. Ni abin da na ji kawai shi ne Inna na barci.

"Sauran fa?"

"Sauran wa? Kaji?" Ya dube ni da idon nan nasa, yana tauna goro a hankali. "Zakaran ya ɗan rame."

Duk wanda ke zaune a wurin ya san me nake tambaya. Dukansu suna da 'ya'yan fari da ba sa kiran sunansu, dukansu sun san wasan, kuma suna jin daɗinsa. Anti ce kaɗai ba ta da wannan al'ada, ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu.

"Kai malam, ba ka jin tsoron Allah? 'Yarta take tambaya!"

"Ni ban ji ta tambaya ba, Madam. Awaki ta ce, na ba ta awaki."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na kira sunan yarinyar, cikakke, kamar yadda liman ya raɗa mata, da ƙarfin da har wani ɗan dako ya waiwayo. Na ce tana ina, me ya same ta. Tun da aka haife ta sunan bai taɓa fita daga bakina a gaban mutum ba, kuma a nan ma ba zan rubuta shi ba, hannuna bai saba ba har yau. Kasuwa ba ta yi shiru ba, Mile 12 ba ta yi wa kowa shiru. Amma direbobin suka sunkuyar da kai suna kallon kofunansu kamar na tuɓe mayafi. Dattijon ya ce, "Kai, gaya mata."

Taubashina ya tofar da goron. Ya ce ranar wutar matarsa ce ta ɗauke ta tun hayaƙi na nesa, suka tafi rafi da sauran yara, ba abin da ya taɓa ta. Washegari ne ta bi yara cikin ƙonannen fili suna tsintar farar da wuta ta gasa, ta taka wani kututture da ke ci a ƙarƙashin toka. Tafin ƙafar hagu ya tashi. Shi da kansa ya kai ta wurin mai magani a garin gaba, aka wanke aka ɗaure. Shekaranjiya da zai taho ya bar ta tana bin kaji da ɗingishi, tana takawa da diddige.

"Ta yi ƙiba," ya ce, muryarsa ta sauka. "Kunu take sha kamar ɗan dako. Ko neman ki ba ta yi."

Har yau ban san ko tsokana ce wannan ta ƙarshen ko lallashi ba. Na kifa kai a kan gwiwa na yi kukan da nake bin kaina tun ranar da aka tafi da ita, a gaban maza, a gefen taya. Anti ce ta zaɓi tumatirin, ni ban ga komai ba. Hoton ma a can muka bar shi, ɗan Nijar ɗin ya ce zai kai gida a ga irin wulaƙancin da aka yi musu.

Da muka dawo Hajiya ta zube kwandon a faranti tana juya tumatirin ɗaya-ɗaya.

"Waɗannan ai sun fi na Agege ruɓewa." Ba ta ɗago ba. "Awakin fa?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ƙaramar ce ta taka wuta, amma tana takawa."

"Wace ƙafar?"

"Ta hagu."

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da gwangwanin man kaɗe da wani ɗan takalmin roba ja, sabo, da igiyarsa ba a ko tsinke ba. Maigidana ya dawo daga kwata kenan yana tsaye yana jin mu, ya ƙi shiga ɗaki ya ƙi zama. Ta miƙa masa.

"Kai, kafin motar nan ta juya ka kai wannan. A sa wa akuyar."

Ya karɓa ya fita da kayan aikinsa a jiki, ko wanka bai tsaya yi ba.

Labarin abin da na yi a kasuwa ya iso Agege daga baya, a bakin mahauta. Matan gidan suka daina ce mini 'yar kwana-kwana, suka koma mai shela. Hajiya ta ce yaran zamani ba su da ta ido, ta faɗa a tsakar gida yadda kowa zai ji, ni kuma na ce a yi haƙuri. Bayan Sallah aka dawo da yarinyar, ta ɓuya a bayan Inna tana leƙena kamar baƙuwa. Na jira har kowa ya fita sannan na kama ƙafar na duba. Tabon kamar ƙwayar gyaɗa yake.

Roƙona ga mai karanta wannan ɗaya ne. In ka fito daga gida ka haɗu da matar da ɗanta na fari yake can, kada ka jira ta tambaye ka, ba za ta iya ba. Ka fara da yaron. Ka gaya mata abin da yake ci, da wanda ke goyonsa, da ko ya ji ciwo, sannan ka yi wasanka.